Nauyin Tsananta Hukunci a kan Baitulmali: Misalin Jihar Kaduna

A Hausa kalmar "horo" tana ɗauke da ma'ana biyu, watau azabtar da mai laifi da kuma gyara halinsa, amma "hukunci" shi ne abin da alƙali ya yanke. Yanke hukunci aikin yini ɗaya ne, horon da ke biye da shi kuwa na iya cin shekaru, kuma Baitulmali ke ɗaukar nauyinsa.

A watan Satumba na 2020 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a kan gyaran dokar Final Kot ta Jihar Kaduna. Dokar ta ce wanda aka tabbatar ya yi wa yaro ko yarinya da ba su kai shekara 14 ba fyaɗe, a yi masa dandaƙa, sa'an nan a kashe shi. In wanda aka zalunta ya wuce waɗannan shekaru, sai dandaƙa da ɗaurin rai da rai.

Kuɗin da irin wannan doka ke ci ta hanya uku yake fita. Ta farko ita ce shari'ar kanta. Laifin da hukuncinsa kisa ne, ko da wanda ake tuhuma ya amsa, kotu ba ta karɓar amsawarsa, tilas a kawo shaidu da takardar likita. In ba shi da halin ɗaukar lauya, hukuma ke ba shi, kuma yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli.

Ta biyu ita ce zaman kurkuku. Gwamnoni ba safai suke sa hannu a takardar kisa ba, saboda haka hukuncin yakan rikiɗe ya zama zama marar iyaka. A 2024 an ƙara kuɗin abincin fursuna daga naira 750 zuwa naira 1,125 a yini, watau naira 410,625 a shekara, ban da magani da albashin gandirobobi. Tun 1968, sa'ad da aka karɓe gidajen yari daga hannun En'e, Gwamnatin Tarayya ke riƙe da su: jiha ta tsananta doka, Tarayya ta ciyar. Sai a 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon kafa nasu.

Ta uku ba a lissafa ta da naira. Sau da yawa mai laifin ɗan'uwa ne ko maƙwabci, kuma in iyaye sun san ƙararsu za ta kai shi ga mutuwa, sukan rufe maganar a cikin gida, yaron ya rasa magani, ya rasa hakkinsa.

Don haka majalisar da za ta tsananta hukunci ya kamata ta tanadi kuɗin bincike, da likitoci, da kula da yaran da aka cuta, gama mai niyyar ɓarna ya fi tsoron tabbacin kamu bisa ga tsananin da ke rubuce a takarda.