Yassin na shirin “Jinn”: abin da ya kamata iyaye a Tahaggart su gane

A watan Yunin 2019 kamfanin Netflix ya fitar da “Jinn”, shirinsa na farko mai dogon zango da harshen Larabci. Kashi biyar ne, an ɗauke shi a ƙasar Jodan. Labarin wasu ɗaliban sakandare ne na birnin Amman da suka je yawon buɗe ido tsohon birnin Petra, suka dawo da aljanu biye da su. Shirin ya tayar da ƙura a Jodan saboda zagi da sumbatar juna da ke cikinsa, har babban muftin ƙasar ya yi tir da shi.

Hayaniyar ta sa mutane da yawa ba su lura da Yassin ba. Yaro ne mai shiru-shiru wanda ’yan ajinsu ke cin zalinsa, a gida ma ba shi da kwanciyar hankali. Wadda ta fara jansa a jiki ita ce Vera, yarinyar da aljana ta shiga jikinta. Ta saurare shi, ta nuna masa cewa ramuwa halal ce gare shi, daga nan ta samu yadda za ta juya shi. Kafin aljanar ta zo, kaɗaici da wulaƙanci sun riga sun buɗe mata ƙofa.

Wannan batu ya shafi iyalan Hausawa da ke Tahaggart, unguwar Tamanrasset da baƙi daga Nijar, Mali da Najeriya suka daɗe suna sauka. Matashin da ya taso a nan yana Hausa a gida, Larabci a waje, kuma sau da yawa ana kallonsa a matsayin baƙo. Ga kuma fargabar kame: tun daga 2014 hukumomin Aljeriya ke kwashe baƙin haure suna mayar da su Nijar ta hanyar In Guezzam zuwa Assamaka. Yaron da aka tafi da yayansa ko abokinsa cikin dare ba lallai ne ya iya faɗin abin da ke cin ransa ba.

Idan irin wannan yaro ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya kulle kansa a ɗaki ko ya riƙa fushi babu dalili, abin da aka fi saurin cewa shi ne iska ta taɓa shi. Sai a kira malami ya yi ruƙiyya, a yi hayaƙi, a tsaya nan. Addu’a tana da muhimmanci, amma waɗannan alamomi su ne kuma likitoci ke dubawa wajen gano ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kashe kai na cikin manyan abubuwan da ke hallaka matasa.

Abin yi ba shi da tsada. Uwa ko uba su zauna da yaron su tambaye shi wanda ke takura masa, a makaranta, a wurin aiki ko a waya, su saurara ba tare da faɗa ba. Idan ya fi sakin jiki da kawu ko gwaggo, a bar su su yi maganar. Idan alamomin sun wuce mako biyu, a kai shi wurin likita, ana addu’a ana magani. Idan kuwa ya ambaci mutuwa ko ya ji wa kansa ciwo, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi asibiti a ranar.