"Laifina Ne": Darasin Ɗaukar Alhaki Daga Ka'abu Ɗan Maliku

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da amincinsa su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan uwa masallata da ɗalibanmu na islamiyya, akwai wasu kalmomi da muke yawan ji a tsakaninmu. Ɗalibi ya faɗi jarrabawar hadda, sai ya ce malam ne ba ya son sa. Ɗan kasuwa ya cinye uwar kuɗi, sai ya ce maƙiya ne suka sa masa hannu. In an rasa wanda za a ɗora wa, sai a ce haka Allah ya ƙaddara. Hausawa dai sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, wanda bai yarda cewa matsalar daga gare shi take ba, ta ina zai fara gyara?

Amsar tana cikin ƙissar Ka'abu ɗan Maliku (Allah ya yarda da shi), wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma masu karatun Riyadus Salihina za su same ta a babin tuba. A shekara ta 9 bayan hijira Manzon Allah (SAW) ya yi shelar fita yaƙin Tabuka. Lokacin tsananin zafi ne, tafiya ga nisa, dabino kuma ya nuna. Ka'abu lafiyarsa lau, yana da raƙuma biyu, abin da bai taɓa haɗawa ba kafin nan. Bai ƙi fita ba. Kullum zai fita da safe don ya yi shiri, ya dawo bai ƙulla komai ba, yana cewa a ransa ai zai cim musu. Gobe, jibi, har runduna ta yi nisa.

Da Annabi (SAW) ya dawo Madina ya zauna a masallaci, mutum tamanin da 'yan kai suka zo suna kawo uzuri suna rantsuwa. Ya karɓi zahirinsu, ya bar abin da ke zukatansu ga Allah. Ka'abu kuwa mawaƙi ne mai fasahar magana, da ya so da ya tsara uzurin da zai shiga. Amma ya faɗa ƙarara cewa ba shi da wani uzuri, bai ma taɓa samun ƙarfi da wadata irin na wannan lokaci ba. Annabi (SAW) ya shaida cewa wannan kam ya faɗi gaskiya, ya umarce shi ya jira hukuncin Allah.

Gaskiyar nan ba ta zo masa da sauƙi ba. Danginsa Banu Salima suka bi shi suna zuga shi ya koma ya kawo uzuri kamar kowa. Aka hana mutane magana da shi da wasu biyu da suka yi irin tasa, wato Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya. Sarkin Gassan ya aiko masa da wasiƙa yana kiransa ya koma wurinsa a girmama shi, Ka'abu ya jefa ta cikin tanderu. Bayan kwana 40 aka ce su nisanci matansu. Sai da aka cika kwana 50, bayan sallar asuba, aka yi musu bushara. Allah ya saukar da karɓar tubarsu a suratut Tauba, aya ta 118, muna karanta ta har yau. Masu rantsuwar ƙarya kuwa sun huta na 'yan kwanaki, amma surar nan ce ta tona asirinsu.

Wani zai ce, ina imani da ƙaddara? Yana nan daram, rukuni ne cikin rukunan imani shida. Sai dai malamai sun bambance mana: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan laifi ba. Fari ya cinye gona, wannan musiba ce, sai haƙuri. Amma wanda ruwan shuka ya sauka yana zaune a majalisa bai tanadi iri ba, wannan sakaci ne. Suratut Tauba ɗin ma, a aya ta 91 da ta 92, ta ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya da waɗanda suka koma suna hawaye don ba su sami abin hawa ba. Ashe ba a ce ka zargi kanka a kan abin da ya fi ƙarfinka ba. Abin da ake nema shi ne ka ware naka kason, ka amsa shi. Ku duba suratul A'araf: Iblis ya jingina ɓatansa ga Ubangiji, aka la'ance shi. Annabi Adamu da Hauwa'u suka amsa cewa sun zalunci kansu, aka karɓi tubarsu.

Saboda haka, ɗalibi, idan haddarka ta zube, kafin ka ambaci malam ka ƙirga kwana nawa ka yi ba muraja'a, sa'a nawa kuma waya ta cinye maka. Ka yanka wa kanka ko da shafi biyu bayan asuba, ka sami abokin da zai riƙa saurarenka. Maigida, idan yaro ya daina zuwa makaranta, ka fara da tambayar yaushe rabonka da ka duba allonsa. Wanda ake bi bashi, kada ka riƙa sauya hanya. Ka je da ƙafarka ka ce, "Alhaji, na saɓa alkawari, ga abin da zan iya kawowa duk wata." Sau da yawa wannan magana ta fi dogon uzuri buɗe ƙofa.

Mu lura kuma, abin da ya kayar da Ka'abu ba ƙin umarni ba ne, "sai gobe" ce. Abin da ya tashe shi kuwa gaskiya ce, har ya yi alkawarin ba zai ƙara faɗin komai ba sai ita muddin yana raye. Duk aikin da ke wuyanka, ka fara shi yau. In ka gaza, ka ce na gaza, ka nemi taimakon Allah, ka sake ɗaura ɗamara.

Allah ya sa mu cikin masu gaskiya, ya raba mu da kasala da jinkiri. Amin.