Amalfi a Hunturu, Bayan Baƙi Sun Watse

Mafi yawan waɗanda suka san garin Amalfi, da ke gaɓar teku a kudancin Italiya, a hoto suka san shi: rana tana haskawa, gidaje sun hau kan juna a jikin dutse, ga lema jere a bakin ruwa. Wannan kamar lokacin zafi ce. Ni a watan Janairu na je, lokacin da jiragen ruwan fasinja suka daina zirga-zirga, sai motar safa daga Salerno a kan wata siririyar hanya mai kwana-kwana, dutse a dama, teku can ƙasa a hagu.

Na tarar da otal-otal da yawa a kulle, an kife kujerun gidajen abinci. A dandalin babbar majami'ar garin, inda aka ce da zafi ba a samun wurin sa ƙafa, tsofaffi ne kawai ke shan gahawa suna hira da harshensu na yankin. Mazauna garin ba su wuce dubu biyar ba, kuma sai a irin wannan lokaci ake iya ganinsu.

Shirun ya ba ni damar duba abin da cunkoso ke ɓoyewa. Wannan ɗan gari ya taɓa zama ƙasa mai cin gashin kanta tun daga shekarar 839, fatakensa suna kai kaya Masar, Sham da Arewacin Afirka. Kuɗin zinariyar da suka buga, mai suna tari, kwaikwayon rubu'in dinarin Fatimiyyawa ne, har da zane mai kama da rubutun Larabci a jikinsa. Idan aka tuna cewa yawancin zinariyar Arewacin Afirka a wancan zamani ta Sahara take haurowa daga Afirka ta Yamma, za a ga cewa arzikin nan bai yi mana nisa yadda taswira ke nunawa ba. Hatta sana'ar takarda, wadda har yau ake nuna tsofaffin injinanta a wani kwari bayan gari, daga Larabawa suka koyo ta. Sai dai ɗaukakar ba ta ɗore ba. Mutanen Pisa sun washe garin a 1135, suka sake a 1137, sannan a watan Nuwamban 1343 teku ta yi ambaliya ta rushe tashar jiragensa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gonakin lemon tsami. An sassaƙa su hawa-hawa a jikin dutse, kowane hawa da katangar duwatsu da aka jera da hannu. Da hunturu ana lulluɓe itatuwan da baƙar raga don kare su daga ƙanƙara da iska, sai tsaunin ya yi kamar yana zaman makoki. Mota ba ta isa can, a kafaɗa ake sauko da lemon ta ɗaruruwan matakala. Aiki ne na ƙarfi, ribarsa kaɗan, kuma saurayin da zai iya samun kuɗi a otal cikin wata shida ba ya ganin dalilin karya bayansa a gona. To amma katangun nan su ne ke riƙe ƙasa. Gonar da aka yi watsi da ita, katangarta kan zube, ruwan sama ya kwaso laka da duwatsu ya yo kan gidaje. A watan Fabrairun 2021 zaftarewar dutse ta yanke babbar hanyar a cikin Amalfi kanta.

Hukumar UNESCO ta sa wannan gaɓa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, kuma gonakin suna cikin abin da ya jawo mata wannan matsayi. A ganina, a nan matsalar take: baƙo yana biyan kuɗin ɗaki don ya kalli tsauni, kuɗin kuwa ba safai yake hawa tsaunin ya isa ga mai gyaran katanga ba. Gidajen da iyalai ke haya a da, da yawa an mayar da su masaukin baƙi, ga su nan a rufe har watan Afrilu, yayin da 'ya'yan garin ke neman ɗaki a Salerno.

Ga mai niyyar zuwa, ya riƙe rigar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa, domin matakalan suna santsi, kuma kafin ƙarfe biyar na yamma rana ta faɗi.