Mota na ƙara idan an sa giya? A duba fedar ambirayaj kafin a sauke bwat

Duk wanda ya taɓa zama a tashar Dakoro da sassafe ya san wannan ƙara. Hiyas ta cika, an ɗaure kaya a sama, aparanti ya rufe ƙofa, direba ya taka feda ya ja sandar giya zai yi baya, sai ka ji "gurrr" kamar ana niƙa tsakuwa. Fasinjoji su dubi juna, direba ya sake takawa ya danna da ƙarfi, giya ta shiga, a kama hanyar Maraɗi. Gobe ma haka, jibi ma haka, har kunne ya saba.

Direbobi da yawa na ɗaukar abin halin tsohuwar mota ne. Wasu kuma da sun ji shi sai gabansu ya faɗi, su ce bwat ta mutu, su fara lissafin jikkunan da za su kashe. Duka biyun akwai gaggawa a ciki. Sau da yawa bwat lafiyarta lau, laifin yana ƙarƙashin ƙafar hagu ta direba, a fedar ambirayaj, wadda maƙwabtanmu na Katsina da Kano ke kira kuloci. Gyaran nan kan ɗauki ƙasa da rabin awa da kile biyu. Idan aka bar shi kuwa, ƙarar da kanta ce za ta kashe bwat ɗin da ake tsoron mutuwarta.

Abin da ke faruwa a ciki

Inji ba ya daina juyawa muddin mota na kunne. Tsakaninsa da bwat akwai wani faifai, shi ne disk, wanda filato ke matsewa a jikin bolan, wato babban ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan inji. Idan ƙafarka ba ta kan feda, ukun nan a manne suke, inji na juya bwat. Idan ka taka, bute ya danna tsakiyar filato, filato ya ɗaga, disk ya sami sarari ya daina juyawa, sannan giya ta shiga salin alin.

Wannan sarari ɗan ƙarami ne ƙwarai, bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Saboda haka idan feda ta yi sako-sako, rabin takun da kake yi iska kake takawa, ragowar kuma bai isa ya ɗaga filato yadda ya kamata ba. Disk ya ci gaba da gugar bolan, ƙarfen da ke shiga bwat ya ci gaba da juyawa, kai kuma kana cusa masa haƙoran giya. Ƙarar da kake ji ke nan.

A cikin bwat akwai wasu zobba na tagulla da ake kira sankuro, aikinsu daidaita gudun haƙoran kafin su haɗu. Kamfanin Cadillac na Amurka ne ya fara sa su a motocinsa a 1928. Kafin nan sai direba ya daidaita gudun da kunnensa da ƙafarsa. Sankuro na iya tsayar da ƙarfen da aka riga aka saki, amma ba a yi shi don kokawa da inji ba. Kullum ka tilasta giya alhali ambirayaj bai saki ba, zoben ne ke cinyewa. Ranar da ya ƙare, gyaran feda ba zai ƙara yin amfani ba.

A fara gano mai laifi

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Kashe mota, taka feda, zagaya giyoyin duka. Idan suna shiga sumul a kashe, amma da an tada inji sai su yi tauri, musamman ta ɗaya da ta baya, to ambirayaj ne bai saki ba.

Giyar baya ita ce shaidar da ba ta ƙarya, domin a yawancin tsofaffin motocin da ke yawo a nan ba ta da sankuro da zai rufa asiri. Mota na tsaye, inji na aiki, taka feda har ƙasa, ka ƙirga ɗaya zuwa biyar, sannan ka sa giyar baya a hankali. Idan ta shiga shiru, ambirayaj na saki. Kai ne dai ke hanzari. Idan bayan jiran nan ma ta yi ƙara, disk bai tsaya ba.

Idan kuwa ƙarar a giya ɗaya tak take, misali ta biyu ko ta uku, sauran lafiya, ta baya ma lafiya, to sankuron wannan giyar ne ya gaji. A nan duk wanda ya ce zai gyara maka da murɗa feda, kuɗinka kawai zai ci.

Sannan a duba abin da aka fi rainawa: shimfiɗar ƙasan mota. A garinmu da rairayi ke shiga ko'ina, kafet biyu ko uku da aka jibga, ko ƙasar da ta taru ta daskare a bayan feda, sun isa su hana ta kaiwa ƙarshe. An sha sauke bwat a banza, alhali tsintsiya ake buƙata.

Awo, ba ƙiyasi ba

Ɗauki ma'aunin ƴan makaranta, ka kafa shi a ƙasan mota kusa da feda. Danna fedar da yatsa, ba da ƙafa ba. Za ka ji ta tafi da sauƙi na ɗan lokaci, sannan ta yi nauyi. Tazarar da ta yi kafin nauyin nan ita ce wasan feda. A yawancin motocin Toyota masu ambirayaj na ruwa, irin su Hiace da Hilux da Corolla, littafin kamfani na neman milimita 5 zuwa 15. Wato kimanin faɗin farcen ɗan yatsa. Idan ka sami milimita 30 ko 40, ka kama ɓarawonka.

Awo na biyu shi ne inda ambirayaj ke kamawa. Idan mota ta fara motsi tun ƙafarka ba ta gama rabuwa da ƙasa ba, wannan ma alama ce. Toyota na son a sami aƙalla milimita 25 tsakanin ƙarshen taku da wurin da ambirayaj ke saki. Wasu kamfanonin adadinsu daban ne, don haka mai Peugeot ko Nissan ya nemi na motarsa.

Masu ruwa da masu kabul

Motocinmu iri biyu ne. Akwai masu ruwa, inda feda ke tura wani siririn ƙarfe cikin emetar, shi kuma ya tura ruwa ta bututu zuwa resaftar da ke jikin bwat. Hiace, Hilux, Land Cruiser da Peugeot 504 duk haka suke. Akwai kuma masu kabul, kamar birkin keke, irin tsohuwar Nissan Sunny da Golf.

A mai ruwa, kada ka fara da feda. Buɗe kan mota ka duba ɗan kofin ruwan, wanda ake zuba wa lokid. Idan ya yi ƙasa, akwai inda yake zuba. Leƙa bayan feda da tocila: idan ka ga jiƙa na bin ƙarfen, robar emetar ta mutu. Ja robar bakin resaftar: idan ruwa ya ɗigo, tasa ce ta mutu. Wata alama kuma da direbobi suka sani ba tare da sanin dalilinta ba: idan ka taka feda sau uku ko huɗu da sauri sannan giya ta yarda ta shiga, iska ce a cikin bututu ko robar da ta saki. Ruwa ba ya matsuwa, iska na matsuwa, shi ya sa takunka ke ɓacewa a hanya. Maganinsa a canza robar, a fitar da iskar, mutum ɗaya na takawa ɗaya na buɗe ɗan bakin resaftar yana rufewa.

A nan dole a yi magana kan wata ɗabi'a. Idan ruwa ya ƙare a daji, wasu na zuba man inji, wasu ruwan sabulu. Ruwan sabulu na kawo tsatsa, man inji kuma na kumbura robobin har su lalace cikin ƴan kwanaki. Abin da aka yarda da shi shi ne wanda aka rubuta a murfin kofin, DOT 3 ko DOT 4. Yana shan laimar iska, don haka gwangwanin da aka buɗe aka ajiye tun bara ba abin dogaro ba ne, kuma wanda ke cikin mota ma ana so a canza shi duk shekara 2. Ƙaramin gwangwani sabo a ƙarƙashin kujera ya fi duk wata dabara.

Idan ruwa lafiya, babu iska, sai a koma ƙarƙashin sitiyari. Kashe inji, ja birkin hannu. A saman feda za ka ga ƙarfen da ke shiga emetar, da notin da ya kulle shi, galibi na kile 12 ko 14. Sassauta notin, ka juya ƙarfen ta yadda zai ƙara tsawo, rabin zagaye kawai, ka sake awo. Haka za ka yi ta yi har wasa ya shigo cikin iyaka, sannan ka ƙulle notin da kyau. Idan tsayin fedar kanta ya sauka, akwai wani kusa a sama da ke tsayar da ita. Shi ake fara daidaitawa kafin ƙarfen. A sababbin motoci da ba sa tashi sai an taka ambirayaj, a tabbatar ɗan makunnin da ke wurin na aiki bayan gyara.

Mai kabul ya fi sauƙi. Notin yana ƙarshen kabul, a gefen bwat. A ɗaure shi kaɗan-kaɗan ana awo. Sai dai a duba kabul ɗin sosai: wanda zarensa ya fara tsinkewa miƙewa yake yi, yau ka ɗaure gobe ya saki, jibi ya tsinke. Wasu Golf kuma kabul ɗinsu da kansa yake daidaita kansa, ba shi da notin ɗaurewa. Idan ya gaza canza shi ake yi.

Kuskuren da ya fi ƙarar tsada

Wanda ya ga rabin zagaye ya rage ƙara, zuciya za ta raya masa ya ƙara uku. Nan ne ake ɓata rawa da tsalle. Idan wasa ya ƙare gaba ɗaya, tamkar ka ɗora ƙafa a kan feda ne tun daga Dakoro har Maraɗi. Bute na juyawa ba hutu har ya ƙone, filato ba ya matsewa sosai, disk na zamewa. A mai ruwa abin ya fi muni: akwai wata ƴar ƙofa a cikin emetar da ruwa ke komawa kofi ta cikinta, idan ƙarfen ya yi tsawo sai ya toshe ta. Da safe mota lafiya lau. Rana ta take, ruwa ya yi zafi ya kumbura, ba shi da mafita, sai ya danna ambirayaj da kansa. Ka ji inji na ihu, mota ba ta gaba, ga warin ƙuna.

A kan kwaltar da ta bi ta Kornaka zuwa Tibiri, wannan ɓacin lokaci ne kawai; za a sami mai ja. A hanyar Bermo ko Gadabeji, ko a dawowa daga kasuwar Sakabal da lodin dabbobi, kwana ne a daji.

Saboda haka bayan kowane gyara a yi gwaji biyu. Na farko shi ne na giyar baya da aka ambata. Na biyu, a fili inda babu kowa a gaba, ja birkin hannu, sa giya ta uku, ɗaga ƙafa a hankali. Inji ya kamata ya mutu nan take. Idan ya ci gaba da aiki, disk na zamewa. Kada a maimaita gwajin nan sau da yawa, shi ma yana cin disk.

Inda kile ba ya kaiwa

Akwai lokacin da awo daidai, ruwa daidai, amma ƙara na nan. A yankinmu dalilin da ya fi yawa shi ne rairayi. Direban da ya kafe ya yi ta wasa da rabin ambirayaj yana ba da wuta, zafi na lanƙwasa disk, kuma disk ɗin da ya lanƙwashe ba ya daina gugar bolan ko ka taka har ƙasa. Rage iskar taya da sa ƙaramar giya a mota mai jan ƙafa huɗu sun fi arha. Da damina kuma, motar da ta ratsa ruwa a kwarin Tarka aka ajiye ta kwanaki, disk na iya yin tsatsa ya maƙale. Haka idan ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar bolan ya kame. Waɗannan duka sai an sauke bwat, kuma tun da an sauke, gara a canza disk da filato da bute lokaci guda. Kuɗin aikin saukewa sau biyu ya fi kuɗin bute nesa ba kusa ba. Balle yanzu da kayan gyara suka ƙara wuya tun bayan rufe iyakar Benin a 2023, wani abin ma sai an aika Maraɗi, ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Man bwat ma a duba shi. Idan giya na tauri da sanyin safiyar hunturu amma ta saki bayan tafiyar kilomita kaɗan, wataƙila man ya yi kauri ko ya tsufa, ba feda ba ce.

Idan kuma abin ya same ka a tsakiyar hanya, dabarar tsofaffin direbobin manyan motoci za ta kai ka gida: taka ka fitar da giya, ɗaga ƙafa, idan ƙasa za ka sauko ka ɗan ba da wuta, sake takawa sannan ka sa. A tsaye kuwa, sa giya ta biyu ko ta uku tukuna don ƙarfen ya tsaya, sannan ka wuce zuwa ta baya. Da ka iso gari, ka nufi gareji, ka ce a auna wasan feda a gabanka kafin kowa ya shiga ƙarƙashin motar.