Fijo Da Marsandi: Kafin 'Yan Gwangwan Su Gama Da Su

Duk wanda ya saba bin titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Aliero, ya shiga Jega, ya gangara Maiyama ya nufi Koko da Yawuri, ya san akwai wasu motoci da suka ƙi mutuwa. Za ka ga a-kori-kura ƙirar Peugeot, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo, ta ɗauko buhunan albasa har bayanta na neman taɓa ƙasa, tana tafe tana nishi, amma sai ta kai. Za ka kuma ga 'yan uwanta da aka jingine a ƙofar gida ko ƙarƙashin dogonyaro, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya. A kan waɗannan na biyun nake so mu tattauna, domin tun da kuɗin mota ya fi ƙarfin albashi nake jin abokan aiki da ɗalibai na tambaya ko akwai hikima a sayi irin wannan tsohuwa a tayar da ita.

Ya kamata matashi ya fara sanin abin da yake kallo. Faransawa sun fito da Fijo 404 a 1960, sannan 504 a 1968, wadda ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. A nan gida an kafa kamfanin PAN a 1972, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, shekarar da Volkswagen ma ta buɗe tata masana'antar a Legas. Lokacin ya dace da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, ga bashin mota da ake bai wa ma'aikata, don haka malamin makaranta kan iya mallakar sabuwa dal a cikin ledarta. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu, 1976, a cikin baƙar Marsandin da har yau take ajiye a gidan tarihi na Legas, gwamnatin Obasanjo ta rungumi tsarin rage fankama, 504 ta zama motar manyan jami'ai. Turai ta daina ƙera salun ɗinta tun 1983, amma Kaduna ba ta sallame ta ba sai 2006. Ke nan lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ana iya sayen sabuwarta, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke kwance a gidajenmu ba su kai tsufan da ake zato ba.

Abin da ya sa ta zauna da ƙasarmu ba ɓoyayye ba ne. Da ƙafar baya take ja, cikinta ya yi nesa da ƙasa, ƙafafunta kuma na da wurin lilo mai yawa, shi ya sa take shanye gargada kamar raƙumi a rairayi. Ba a banza ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975 ba. Uwa uba, babu kwamfuta a cikinta. Kafireta ce da filogi da kwantak, abubuwan da bakanike zai kwance a gindin bishiya ya wanke da fetur ya mayar. Motar yau idan ta yi fushi sai an nemo mai na'ura daga Birnin Kebbi ko Sakkwato ya tambaye ta abin da ke damunta. Ita kuwa Fijo da kunne ake gane ciwonta.

Marsandi labarinta daban. Ƙirar W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, da ƙanwarta da muke kira V-boot, motocin alhazan birni ne da sarakuna, kuma sun fi Fijo ƙarfin jiki da daɗin zama. Sai dai kayanta sun fi tsada, masu iya taɓa ta sun fi ƙaranci. Mai albashi da ke zaune a Maiyama ya yi tunani sau biyu.

Arha kam akwai ta. An taɓa yi mini tayin wata 504 a Jega a kan kuɗin da bai kai na sabon babur ba. Amma Hausawa sun ce arha ba ta ado, kuma a harkar tsohuwar mota kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗi. Wanda ya zuba duk abin da ya tara wajen biyan mai ita, ya dawo gida ba ko sisin gyara, ya sauya wa kaji wurin kwana ne kawai. Shawarata ita ce mutum ya raba abin hannunsa gida biyu, rabi na saye, rabi na tayarwa.

Idan an je dubawa, kada sabon fenti ya ruɗi mutum. Inji ana sauya shi, giya ana sauya ta, amma gangar jiki idan ta ruɓe an gama. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba dabe, a leƙa gindin ƙofofi da mazaunin batir da wurin ajiye safaya. Mun yi sa'a a nan, busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar ta Legas ko Fatakwal, don haka motar da ta yi rayuwarta a Arewa ta fi wadda aka hauro da ita daga gaɓar teku. Amma a-kori-kura tana da nata ciwon. Wadda ta shekara ashirin tana jigilar takin zamani da gishiri, tana kutsawa taɓon fadamun Gulbin Zamfara, sau da yawa walda ce kawai ke riƙe da bayanta. A tafi da ƙaramin maganaɗisu: duk inda ya ƙi kamawa a jikin mota, ba ƙarfe ba ne a wurin, cikon mai gyaran bodi ne.

A kuma nemi a tayar da ita da sanyin safiya, kafin mai ita ya ɗumama ta. Shuɗin hayaƙi na nufin tana shan baƙin mai. Idan an buɗe murfin mai aka ga abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai, gaskit ya ƙone ke nan. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, ga shi an saba ɗura wa lagireto ruwan rijiya har ya toshe da tsatsa. Wayoyin lantarki da robobin fetur su ma a ɗauka sun mutu ko da suna aiki, domin daga nan gobara ke tashi.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci, wanda kuma aka fi sakaci da shi. Mafi yawan motocin nan na mamata ne. Alhaji ya rasu, aka rufe motarsa da tamfol, shekaru suka wuce, sai wani ɗa daga cikin 'ya'yan ya ga dama ya kira dillali. Motar nan kuwa dukiyar gado ce, akwai tumunin takaba a cikinta, akwai rabon 'ya'ya mata da ke gidajen aure, wataƙila har da na marayun da ba su balaga ba. Na san cinikin da aka yi, mai saye ya kashe ninkin kuɗin motar wajen gyara, ranar da ta fito tana sheƙi sai ga sammaci daga kotu. Ko ba a kai ga alƙali ba, ina daɗin hawa abin da haƙƙin maraya ke ciki? Kafin a miƙa ko kwabo, a tabbatar an raba gado, ko magada duka sun yarda a rubuce a gaban shaidu. Sannan a gwada lambar inji da ta gangar mota da abin da ke cikin takardu. Wadda aka harhaɗa a Kaduna ba ta da matsalar kwastam, amma Marsandin da ta shigo ta Kwatano ta biyo ta Kamba, dole a ga takardar biyan fito, musamman da yake tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Sai maganar mai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafi, lissafin kowane mai mota ya sauya, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai ga haura 1,000 a 2024. Injin kafireta mai lita biyu ba ya jin tausayin aljihu. Wanda zai riƙa zirga-zirga kullum tsakanin Birnin Kebbi da Aliero, abin da ya rage a wajen saye zai mayar da shi gidan mai kafin shekara ta zagayo. Ana maganar mayar da motoci masu amfani da iskar gas, kuma irin wannan injin ba ya wuyar juyawa, amma sai wuraren ɗurawa sun wadata a kusa da mu tukuna.

Ba zan ɓoye ra'ayina game da lafiyar rai ba. Waɗannan motoci an zana su ne kafin zamanin jakar iska da birkin da ba ya kullewa, wasunsu ko bel babu a kujerun baya. Titin Jega zuwa Yawuri kuma hanyar tireloli ce. Ban ga dalilin da zai sa magidanci ya loda iyalinsa a motar shekara arba'in ya kama wannan hanya da daddare ba, komai ƙaunarsa da ita. Ta yi kai-kawo cikin gari, ta je gona, ta je Juma'a, ta ɗauko amarya. A wannan aikin za ta yi shekaru ba ta gaji ba.

To idan haka ne, me ya sa za a damu da su? Domin suna ƙarewa, kuma da sauri. 'Yan gwangwan na yawo unguwa-unguwa, su saye mota a kan nauyin ƙarfenta, su daddatsa ta da wuta kafin la'asar. A Ingila motar da ta shekara 40 ana yafe mata harajin hanya, a Jamus wadda ta shekara 30 ana ba ta lamba ta musamman a matsayin kayan tarihi. Mu kuwa da aka harhaɗa ta a ƙasarmu, da hannun 'ya'yanmu, a kan sikeli muke ɗora ta. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ya adana kayan yaƙi da na sarauta. Ban ga laifi ba idan jiha ta ware rumfa guda ta ajiye 404 da 504 da Beetle da a-kori-kura, domin su ma sun ɗauki tarihin kasuwar Jega da albasar Aliero a bayansu.

Abin da ya fi ƙarfen saurin ƙarewa shi ne masu iya gyaransa. Kayan gyara har yanzu ana samu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ko da yake sai an tantance na asali da jabu. Amma makanikan da suka ƙware a kafireta sun manyanta. Na tambayi wani dattijo a cikinsu a Jega, na ce, "Baba, yara nawa kake koya wa aikin Fijo yanzu?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, yaran yanzu babur suke so su koya, shi ke kawo kuɗin cefane kullum. Wanda ya zo wurina ma, da ya iya sauya filogi sai ya tafi." Ba na ganin laifinsu. Sai dai jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero da kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi suna da ɗaliban injiniya da za su ƙaru ƙwarai idan aka ajiye musu injin 504 guda, aka gayyato irin wannan dattijo ya kwance shi a gabansu. Babu injin da ya fi shi sauƙin nuna wa ɗalibi yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa su juya ƙafar mota.

Wanda kuma ya yanke shawarar saye, ya fara neman bakanike kafin ya nemi mota. Ya tafi da shi wurin dubawa, ya biya shi ladan ranarsa, kuma kada ya yarda ya zama wanda dillali ya kawo.