Naman kaza: Halittar da ke da "jinsi" fiye da dubu 23

Da zarar damina ta kankama a Bauchi, musamman a watannin Yuli da Agusta, naman kaza yakan ɓullo a jikin ruɓaɓɓun itatuwa da gefen suri da kan juji, tun daga Yalwa har zuwa gonakin da ke kan hanyar Gubi. Wasu na kiransa laimar kwaɗi. Abin da ido ke gani ɗin nan 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikin halittar wasu siraran zaruruwa ne farare da ke saƙe cikin ƙasa ko itace, kuma a yawancin nau'o'insa ba sa fitar da lema sai zaruruwa biyu da suka dace da juna sun haɗu.

A nan ne lamarin ya bambanta da na mutum da dabba, domin babu namiji babu mace. Ƙurar da ke zubowa daga ƙarƙashin lemar ita ce iri. Kowace ƙwaya idan ta tsira takan fitar da zare mai cibiya ɗaya a kowane ɗaki na jikinsa. Zaren zai yi ta yaɗuwa, amma shi kaɗai bakarare ne. Sai ya gamu da wani, sun manne, cibiyoyinsu sun zauna bibbiyu a kowane ɗaki, sannan ake sa ran 'ya'ya.

Wata masaniya 'yar ƙasar Fotugal, Mathilde Bensaude, a 1918, da Bajamushe Hans Kniep, a 1920, su ne suka fara gano wannan tsari. Daga baya John Raper na Jami'ar Harvard ta Amurka ya zurfafa binciken a kan wani nau'i mai suna Schizophyllum commune, ɗan ƙaramin naman kaza mai kama da mafici da ke fitowa a jikin mataccen itace a kusan duk faɗin duniya, har da Nijeriya.

Abin da aka fahimta shi ne, gurabe biyu ne a cikin ƙwayoyin gado ke yanke hukunci, ana kiransu A da B. Gurbin B na sarrafa wasu sinadaran saƙo da masu karɓarsu, shi ke ba cibiyar baƙo izinin shiga ta ratsa zaren. Gurbin A kuma shi ke haɗa cibiyoyin biyu su riƙa rabuwa tare. Sharaɗin guda ne: dole zaruruwan su sha bamban a gurabe biyun duka. Idan a B kaɗai suka bambanta, cibiyar za ta shiga amma saƙar ta fito a tsumburre. Idan a A kaɗai ne, aikin zai faro ya tsaya a hanya.

A wannan nau'i, gurbin A na da siffofi kusan 288, na B kuma 81. Idan aka ninka su ana samun 23,328. Wannan adadi ne jaridu ke kira "jinsi", ko da yake kalmar aro ce kawai, tun da babu wani bambancin sura a tsakaninsu. A 2022 masu bincike na Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway sun ƙiyasta sama da 17,000 a wani dangin mai suna Trichaptum.

Amfanin tsarin yana fitowa fili idan aka dubi 'yan uwa. Lema ɗaya na zubar da iri kashi huɗu, kuma kowane kashi da ɗaya tak yake dacewa. Wato tsakanin 'yan uwa na jini, haɗuwa ɗaya cikin huɗu ce ke yin albarka, alhali da bare kusan kowace haɗuwa takan yi. Halittar ta rage auren zumunci ba tare da ta haramta shi ba.

Ga mai son noman naman kaza a Bauchi, wannan magana ce ta jari. Nau'in Pleurotus, wanda ake nomawa cikin leda a kan garin katako ko ɓuntun shinkafa, yana bin wannan tsari na gurabe biyu. Wanda ya raini zare daga ƙwayar iri ɗaya zai ga leda ta cika da fari tas, ya yi ta ban ruwa, ba zai tsinki komai ba. Wanda ya zuba ƙurar iri da yawa a haɗe zai iya samun 'ya'ya, sai dai ba lalle su gaji yawan amfanin uwarsu ba. Shi ya sa masu haɗa iri ke yanko tsoka daga cikin lafiyayyen naman kaza, wadda tuni take ɗauke da cibiyoyi biyu da suka dace, su raine ta a ɗakin gwaji, sannan su yaɗa ta a kan dafaffiyar dawa cikin kwalba.

Akwai alamar da ake dubawa da madubin ƙara girma: wani ɗan kumburi mai kama da ƙugiya a mahaɗar ɗakunan zaren. Ganinsa a Pleurotus shaida ce cewa haɗuwa ta yiwu. Abu ne da mai sayen iri da yawa ya kamata ya nemi a tabbatar masa kafin ya biya kuɗi, kuma ɗakin gwajin ƙananan halittu irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ya isa wannan aiki.