Wa Za a Ba Rawar? Masu Sauya Jinsi da Dandalin Wasan Kwaikwayo

A watan Maris na 2020, 'yar wasa Kate O'Donnell ta janye daga wasan waƙe na Breakfast on Pluto, wanda ake shirin nunawa a gidan wasan Donmar Warehouse da ke Landan. Jarumar labarin mai sauya jinsi ce, amma Fra Fee, namijin da bai sauya jinsi ba, aka ba rawar. O'Donnell, wadda ita kanta ta sauya jinsi, ta ƙi amincewa da hakan.

Masu kare irin wannan zaɓi na cewa ai sana'ar ɗan wasa ke nan, ya shiga rigar wani. Sukan kafa hujja da zamanin Shakespeare, lokacin da samari ke fitowa a matsayin Juliet, da kuma wasan Kabuki na Japan, inda maza ke taka rawar mata har gobe. Sai dai hana mata hawa dandali ne ya haifar da al'adun biyu. Hukumomin Japan sun haramta musu Kabuki a 1629, a Ingila kuwa sai a 1660 aka fara barin su.

Kukan masu sauya jinsi a yau ma na shinge ne. Ba kasafai ake kiran su manyan rawa ba, idan kuma labarin rayuwarsu ya zo, sai a miƙa wa wani. Suna kuma fargabar cewa ɗan kallon da ya ga jarumi ya tuɓe gashin kanti bayan an tashi zai ɗauka rayuwarsu ma shiga ce kawai.

Ƙofa ta fara buɗewa ga masu sauya jinsi a Broadway, cibiyar wasan dandali ta New York. A 2018 Peppermint ta samu babbar rawa a Head Over Heels. A 2022 Angelica Ross ta ja ragamar wasan Chicago a matsayin Roxie Hart, L Morgan Lee kuma ta shiga takarar lambar yabo ta Tony da wasan A Strange Loop.

A 2023 J. Harrison Ghee da Alex Newell, waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata, suka lashe Tony a rukunin maza. A shekarar ce Justin David Sullivan na wasan & Juliet ya ƙi shiga takarar saboda dole a zaɓi rukunin maza ko na mata, yayin da masu ba da kyautar Drama Desk suka soke wannan rabon baki ɗaya.